Waiwaye: Yadda kalmar shayi ta iso teburin mai shayi

Duk mai zama wurin masu shayi a Kawo ko Tudun Wada ya san sunaye biyu ake kiran abin da ke cikin kofin: wani ya ce shayi, wani ya ce ti. Asalinsu ɗaya ne, hanya ce ta raba su.

Ganyen daga ƙasar Sin ya fito, kuma harafi guda Sinawa ke rubuta sunansa da shi, sai dai kowane yanki da nasa lafazin. A arewa da yankin Kanton "ca" suke cewa. A gaɓar tekun Fujiyan kuwa "te" ne.

Lafazin "ca" ya bi fatake ta tudu. Farisawa suka mai da shi "cay", haka ya shiga Hindi da Turkanci da Rashanci da Suwahili. Da ya zo hannun Larabawa, tunda daidaitaccen Larabci ba shi da sautin "c", sai suka musanya shi da "sh", ya zama "shay". Nan hujjar take ga mai son sanin inda Bahaushe ya aro tasa. Hausa tana da "c", ga ciki ga cinya, saboda haka da daga bakin Farisawa ko Indiyawa muka karɓa kai tsaye, da "cayi" muke cewa. Wasalin ƙarshe kuma ƙarin Hausa ne, domin kalmominmu sun fi son ƙarewa da wasali, kamar yadda "kitab" ya koma littafi.

"Te" kuwa teku ya bi. Kamfanin cinikin Holan, wanda aka kafa a 1602, ya fara kai ganyen Turai wajen 1610, kuma da 'yan kasuwar Fujiyan yake hulɗa. Daga nan Faransanci da Jamusanci da Ingilishi suka samu tasu, Turawan mulkin mallaka suka kawo mana ti.

Masu bincike kan taƙaita abin da cewa "c" ko "sh" ta tudu, "t" ta ruwa. Ƙa'idar tana aiki, amma wanda ya riƙe ta ido rufe zai yi tuntuɓe. 'Yan Fotugal ta jirgin ruwa suka je, duk da haka da lafazin "ca" suka komo, saboda a Makawo suka zauna tun 1557, cikin masu lafazin Kanton. Yawancin mutanen Maroko Larabci suke yi amma "atay" suke cewa, ba "shay" ba, kuma ita ce ta gangaro Muritaniya da Senegal ta zama "ataya".

Ma'anar ma ba ta tsaya wuri ɗaya ba. A Suwahili, "cai" kan nufi cin hanci. A Kaduna kuwa kalmar ta faɗaɗa har ta bar ganyen a baya: mai shayi zai haɗa Milo da madara da ruwan zafi, babu ko ɗigon Lipton, a kira shi shayi, alhali ainihin ganyen da ba madara an laƙaba masa ruwan bunu, kamar shi ne baƙo. Sai kuma ɗaya shayin, wato kaciyar yara, wadda rubutu ne kawai ya haɗa su da ganyen Sin. Mai fassara da bai duba jimlar da kyau ba zai iya aika yaro wurin wanzami maimakon wurin mai tukunya.