Gandun Dajin W na Nijar

Gandun dajin W, wanda ƴan Yamai suka fi kira Parki W, daji ne da hukuma ta keɓe a kudu maso yammacin Nijar cikin jihar Tillaberi, wajen kilomita 150 daga Yamai. Sunan daga kogin Isa, wato kogin Neja, ya samo asali, don a wurin kogin ya yi kwane-kwane sai ka ga kamar an rubuta harafin W a ƙasa. An mai da shi gandun ƙasa a 1954, tun zamanin mulkin Faransa. Kason Nijar ya kai hekta 220,000, amma dajin bai tsaya a iyakarmu ba, ya shiga Benin da Burkina Faso. UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1996, sannan a 2017 aka haɗe shi da gandayen Arly na Burkina Faso da Pendjari na Benin.

Hanya: daga Yamai ana ƙetare gada zuwa Harobanda, a kama hanyar Say, a wuce Tamu, a ɓulla Tapowa inda ƙofar shiga take. Daga Say zuwa gaba sai mota kat-kat (4x4, mai iya shiga daji), kuma ba a shiga sai da ɗan rakiya na gandun, wannan doka ce, ba ma don doka ba kai kanka ba za ka so ka ɓata cikin dajin da ba rezo ba rijiya. Lokacin zuwa daga Disamba ne zuwa Mayu, da damina hanyoyi na yankewa, ciyawa kuma ta fi mutum tsawo ba abin da za ka gani.

Namun dajin kuwa sai wanda ya gani. Akwai giwa, ɓauna, gwanki, kanki, mariya, mazo, mugun dawa, birai garke-garke, ga dorina da kada a ruwa, har ayu akwai cikin kogin. Zaki da damisa suna nan amma ganinsu sai mai rabo, mutum na iya kwana uku bai ga komai ba sai sawu a rairayi. Kuma wannan zakin ba ƙaramin abu ba ne, mafi yawan zakunan da suka rage a Afirka ta Yamma a haɗaɗɗen dajin nan na W da Arly da Pendjari suke. Tsuntsaye sun haura kala 350. Raƙumin dawa dai babu shi a W, shi yana Kure ne a hanyar Doso, mutane da yawa na rikita wannan.

Masu sanin dajin sun fi son Maris da Afrilu, duk da zafin da ake yi kamar wuta, saboda tafkuna sun ƙafe dole kowace dabba ta nemi ɗan ruwan da ya rage a rafin Tapowa ko Mekuru. Da asuba sai a kashe mota a yi shiru. Birai ne ke fara saukowa, sannan mariya tana sha tana ɗaga kai, can sai ka ji ƙarar karyewar itace kafin ka ga komai, giwaye ke nan sun taho, ƙanana a tsakiya manya a gefe. In ka duba kukoki za ka ga inda suka ɓare musu ɓawo da haure, har cikin itacen ya fito fari. Wasu kuma a da ta kwalekwale suke bi har Bumba, inda Mekuru ke zuba cikin kogin Isa, duwatsu ta kowane gefe.

Abin da ke damuna shi ne da yawa daga cikinmu a Yamai an haife mu mun girma ba mu taɓa taka wurin ba, muna ɗauka abin Turawa ne, alhali tafiyar rabin yini ce.

Matsalolin dajin tsofaffi ne: mafarauta masu neman haure, wutar daji, gonaki na matsowa, ga makiyaya da fari ke korowa su shigar da shanu. Amma babbar ita ce rashin tsaro. A shekarun nan ƴan bindiga sun samu mafaka a yankin, an kai wa ma'aikatan gandun daji hari, wasunsu sun rasa ransu, Allah ya jiƙansu. Yawon buɗe ido ya tsaya, ƴan rakiya da masu kwalekwale da ke ci da wannan sana'a sun koma neman wani aiki. Duk mai niyyar zuwa ya fara tuntuɓar hukumar gandun daji da jami'an tsaro a Yamai, in suka ce a dakata to ya dakata.