Tayar da Kwamfuta daga Fayil ɗin ISO da ke Faifan Ciki

Fayil ɗin ISO kwafin faifan CD ko DVD ne gaba ɗayansa, an dunƙule shi cikin fayil guda. Sunan ya fito daga ƙa'idar ISO 9660 ta 1988, kuma ƙa'idar El Torito ta 1995 ce ta ba irin wannan faifai damar tayar da kwamfuta. An saba ƙona shi a faifai ko zuba shi a filash, amma ana iya barinsa a faifan ciki na kwamfutar, a sa manhajar tayarwa ta GRUB 2 ta buɗe shi daga nan. Hanyar tana yi wa masu gyaran kwamfuta a Katsina rana, domin laftof na hannu da yawa ba su da wurin sa faifai, ko kuma ƙurar hunturu ta makantar da idonsa. Filash na jabu kuwa, wanda ba ya ɗaukar girman da aka rubuta a jikinsa, yakan lalata fayil ba tare da wata alama ba.

Tallar gwadawa kafin girkawa

Kamfanin Canonical ya tallata Ubuntu, wani nau'in tsarin Linux, da cewa mutum ya gwada kafin ya girka. A shirinsa na ShipIt ya riƙa aika faifai kyauta ta gidan waya zuwa ƙasashen duniya, har aka rufe shirin a 2011, kuma faifan kan bi hannu zuwa hannu. A 2008 Ubuntu 8.04 ya zo da Wubi, wanda a lokacin yake ajiye Ubuntu cikin fayil guda a Windows, ba tare da an taɓa fatishon, wato rabe-raben faifan ciki, ba.

Yadda ake yi

Da farko a tabbatar fayil ɗin ya sauka cikakke, ta fitar da lambarsa da umarnin sha256sum, a gwada ta da wadda masu fayil ɗin suka wallafa. Intanet mai yankewa kan jawo fayilolin da ke ƙin tashi. Sai a ajiye shi a fatishon mai tsarin ajiya na ext4 ko NTFS. FAT32 ba ya karɓar fayil da ya wuce gigabait 4, alhali Ubuntu 24.04 ya haura gigabait 5. Daga nan, a cikin Linux ɗin da ke kwamfutar, a ƙara wannan a ƙarshen fayil ɗin /etc/grub.d/40_custom, a sa wurin da ISO ɗin yake a madadin /iso/ubuntu.iso:

menuentry "Ubuntu ISO" {
set f="/iso/ubuntu.iso"
loopback loop (hd0,gpt2)$f
linux (loop)/casper/vmlinuz boot=casper iso-scan/filename=$f
initrd (loop)/casper/initrd
}

A rubuta sudo update-grub, a sake kunna kwamfutar. GRUB yana ƙirga faifai daga sifili amma fatishon daga ɗaya, don haka hd0,gpt2 na nufin faifai na farko, fatishon na biyu. A faifai mai tsohon tsarin raba fatishon na MBR, msdos2 ake rubutawa maimakon gpt2. Umarnin ls a allon GRUB yana nuna sunayen da ke akwai.

Inda ake tuntuɓe

Umarnin loopback wa GRUB kaɗai yake buɗe fayil ɗin. Da zarar ya ɗora kanel, wato zuciyar tsarin Linux, da initrd, ƙaramin fayil ɗin da ke taya shi tashi, a RAM ya miƙa ragama, buɗewar ta ɓace. Dole kanel ya sake neman fayil ɗin da kansa, kuma aikin iso-scan/filename ke nan. Idan aka manta shi, ko aka kuskure harafi ɗaya, kwamfutar za ta fara tashi lafiya sannan ta tsaya a baƙin allo mai rubutun initramfs. Mutane kan zargi fayil ɗin a nan, su sake ƙona data a banza. Kowane gida da tasa kalmar: Debian mai tashi kai tsaye findiso yake so, kuma tsofaffin Ubuntu initrd.lz suke kiran fayil ɗin initrd.

Fatishon da BitLocker, makullin faifai na Windows, ya kulle ba ya karantuwa. Idan Windows ya kwanta barci maimakon ya mutu gaba ɗaya, NTFS kan ƙi buɗuwa yadda ya kamata, sai a kashe saurin tashin Windows (Fast Startup) tukuna. A wasu kwamfutoci masu UEFI, magajin BIOS, da GRUB 2.04, babban fayil kan jawo kukan ƙarancin ƙwaƙwalwa, maganinsa a sa rmmod tpm kafin layin loopback.

Mai son girka tsarin a kan faifan da fayil ɗin yake zai tarar manhajar girkawa ta ƙi gyara fatishon, saboda ana zaune a kansa. Kalmar toram a layin linux tana kwashe komai zuwa RAM, amma kwamfuta mai RAM gigabait 4 ba za ta ɗauki fayil irin na Ubuntu 24.04 ba. Kuma kada a fara gyaran fatishon da mataccen batir, domin ɗaukewar wuta a tsakiya tana iya tafiya da duk abin da ke faifan.

ISO na Windows ba ya tashi ta loopback, saboda manhajar tayarwarsa ba ta san ta koma neman fayil ɗin ba. Abin da Microsoft ya tanada tun Windows 7 shi ne tashi daga fayil ɗin VHD, fayil mai kwaikwayon faifan ciki, wanda ake shigarwa jerin tayarwa da umarnin bcdedit.