Jokibal

Jokibal, wanda ake rubutawa Jorkyball a ƙasashen Turai, wani nau'in ƙwallon ƙafa ne da mutum huɗu kacal ke bugawa, biyu a kowane ɓangare, cikin wani ɗan ɗaki mai bangon roba mai kama da gilashi, wanda ƴan kallo ke hangen wasan ta cikinsa. Ya bambanta da futsal, wato ƙwallon ƙafa na cikin zaure, inda kowane ɓangare ke da mutum biyar, domin a jokibal babu layin da ƙwallo zai tsallake a ce ya fita waje.

Tarihi

Wani Bafaranshe mai suna Gilles Paniez ne ya ƙirƙiro wasan a birnin Liyon, kuma yawancin bayanai suna sanya farkonsa a shekarar 1987. Ana cewa a wani gareji aka fara gwada shi. Paniez ya ɗauko dabarar buga ƙwallo a jikin bango daga sikwash, wani wasa mai kama da tanis da ake yi cikin ɗaki, ya haɗa ta da tamaular da kowa ya sani, ta yadda abokai huɗu za su iya yin wasa mai zafi ba tare da neman fili ko jiran cikar mutum ashirin da biyu ba. An nuna shi ga jama'a a Italiya lokacin gasar cin kofin duniya ta 1990, daga nan ya samu karɓuwa a can ƙwarai, har Italiya da Faransa suka zama gidajensa biyu.

Ɗaki da ƙwallo

Tsawon ɗakin ya kusa mita 10, faɗinsa ya kusa mita 5, tsayinsa kuma bai kai mita 3 ba. Ragar ƴar ƙarama ce, ta ɗan zarce mita ɗaya a faɗi da tsayi. Ƙwallon an lulluɓe shi da wani yadi mai laushi, nauyinsa kimanin giram 200, wato bai kai rabin nauyin ƙwallon da aka saba da shi ba.

Bango shi ne ruhin wasan. Ɗan wasa yakan doka ƙwallo a jikin bangon ya zagaya bayan abokin karawarsa ya karɓe, ko ya auna kusurwa ƙwallon ya karkato ya faɗa raga ta inda mai tsaro bai zata ba. Duk wanda ya taɓa tsayawa da la'asar a wani lungu na Bagalam ko Mokoyo a Maraɗi, ya ga yara sun aza duwatsu biyu a matsayin raga suna buga balo a jikin katangar gida yana dawo musu, zai gane wannan dabara nan take. Abin da Paniez ya yi shi ne ya ba ta doka da ma'auni.

Dokoki

Ɗaya yana tsaron baya, ɗaya yana kai hari, kuma sukan yi musayar matsayi bayan kowane zagaye. Mai tsaro ba ya ƙetare tsakiyar ɗaki, ba a kuma yarda kowa ya sa hannu ba. Ɓangaren da ya fara jefa ƙwallo 7 ya ci zagaye, wanda ya ci zagaye biyu cikin uku ya yi nasara. Da yake ƙwallo ba ya fita, hutu kaɗan ne, shi ya sa wasan ke gajiyarwa da wuri.

Matsayinsa a yau

Wasan yana da tasa hukumar ta ƙasa da ƙasa mai shirya gasanni, ba ya ƙarƙashin FIFA. Wasu na ɗaukarsa reshen ƙwallon ƙafa, wasu kuma wasa mai zaman kansa.