Haywoode Workman da hanyar ɗan wasan kwando zuwa alƙalanci

Haywoode Workman ɗan ƙasar Amurka ne, tsohon ɗan wasan ƙwallon kwando da ya koma alƙalin wasa a NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka. An haife shi a 1966 a birnin Charlotte. Shi ne mutum na uku da ya buga NBA sannan ya riƙe usur a cikinta. Bernie Fryer ne ya fara, a 1978, sai Leon Wood a 1996, wanda ya ci zinare da Amurka a Olamfik na 1984 tare da Michael Jordan.

Rayuwarsa ta wasa

Workman ya yi wasa a Jami'ar Oral Roberts. A 1989 ƙungiyar Atlanta Hawks ta ɗauke shi, shi ne na 49 a zaɓen sababbin 'yan wasa na shekarar. Matsayinsa shi ne mai rarraba ƙwallo, wato wanda ke fito da ita daga baya ya tsara hari. Ya ratsa ta Washington da Italiya, amma sunansa ya fi fita a Indiana Pacers, inda ya taimaka suka kai wasan ƙarshe na shiyyar Gabas a 1994, New York Knicks ta fitar da su. Raunin gwiwa a 1996 ya rage masa kaifi. Ya ƙarasa wasansa na NBA a Milwaukee da Toronto.

Komawa alƙalanci

Sunan da ya yi bai sa an miƙa masa usur ba. Sai da ya shafe shekaru yana hura wasa a ƙananan gasanni kafin NBA ta ɗauke shi a 2008. Haka tsarin ya kamata ya kasance, domin abin da ɗan wasa ya iya da abin da ake buƙata ga alƙali ba ɗaya ba ne.

Tsohon ɗan wasa yana da jari. Ya san dabarun da ake ɓoyewa: jan riga ta baya, tura ƙugu da hannu lokacin da abokin karawa ke sama, faɗuwar ƙarya don a ba shi fawul. Ya kuma san lokacin da ran ɗan wasa ya fara ɓaci tun kafin faɗa ya ɓarke. Matsalarsa tana ido. Tun yana yaro an horar da shi ya bi ƙwallo da kallo, alƙali kuwa mai tsaro ake so ya kalla. Idan biyu suka yi karo, tambayar ita ce: mai tsaron ya riga ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa yana fuskantar mai ƙwallo kafin a haɗu? In haka ne, kuma a ƙirji aka buge shi, laifin na mai hari ne. In yana shigowa ne a makare, nasa ne. Wanda idonsa ke kan ƙwallo ƙarshen karon kawai zai gani, sai ya yi hukunci da ka.

Kuskure na biyu shi ne hura usur kafin abin ya faru. Ƙwarewa tana sa shi hango fawul na zuwa, sai numfashi ya riga ido, alhali mai tsaron ya tsallake tsaf bai taɓa kowa ba. Maganinsa shi ne a ga farkon lamarin, a ga tsakiyarsa, a ga ƙarshensa, sannan a hura.

Tsayuwa a fili

Manyan wasanni alƙalai uku ke hura su. Na gaba yana bayan layin ƙarshe, kusa da kwando, yana lura da turereniyar dogaye. Na baya yana bin hari daga wajen layin maki uku. Na tsakiya yana ɗaya gefen, daidai layin jifan kyauta. Kowa da yankinsa, kuma suna sauya wuri idan ƙwallo ta koma wancan ɓangare. Abin da ake nema shi ne a riƙa ganin sararin da ke tsakanin 'yan wasa biyu. Da zarar bayan ɗaya ya rufe ɗayan, to alƙali ya gusa taki ɗaya ko biyu, in ba haka ba hannun da ya yi laifi ya ɓace masa. Bayan usur, zai ɗaga dunƙulen hannu, ya je inda masu teburi, wato masu rubuta maki da laifuka, ke ganinsa, ya tsaya cak, ya nuna lambar ɗan wasa, irin laifin, da adadin jifan kyauta. Mai nuna alama yana tafiya shi ke jawo a rubuta wa wani fawul ɗin wani.

A Najeriya

Dokokin da ake bi a Najeriya na FIBA ne, hukumar ƙwallon kwando ta duniya, ba na NBA ba, kuma matasan da suka koyi wasan a talabijin suna yawan cuɗa su. A FIBA zango huɗu ne na minti 10, fawul biyar ke fitar da ɗan wasa. A NBA minti 12 ne, fawul shida. Daƙiƙa 24 na kai hari da 8 na tsallake tsakiya duk ɗaya ne. Filin FIBA mita 28 ne a 15.

Ɗan wasan da gwiwa ko shekaru suka fara kama shi, in yana son usur, yakan faro daga wasannin makarantun sakandare, ya halarci kwas ɗin alƙalai ƙarƙashin hukumar ƙwallon kwando ta ƙasa, NBBF. Ita ce ke gabatar da sunan mutum ga FIBA, inda ake jarrabawar doka da gwajin gudu na mita 20, je ka dawo, ƙararrawa tana ƙara sauri.

A filayen siminti na makarantu sau da yawa alƙalai biyu ne kawai, babu agogon daƙiƙa 24, sai mai teburi ya riƙe agogon hannu yana sanarwa da baki. Lokacin hunturu ƙura tana kwanciya ta ɓoye layi, ta sa santsi, don haka a share filin a sake zana layukan kafin a fara, kuma alƙali ya bambanta zamewa da turi. Wata wahalar ta gida ce: 'yan wasan ƙannensa ne na unguwa, kocin kuma watakila shi ya koya masa riƙe ƙwallo. Ana gaisawa da girmamawa kafin wasa, "Malam, barka da yamma", amma idan ƙungiyar da ya bari jiya ce za ta buga, daidai ne ya nemi a ba wani alƙalin wannan wasa.