Su wane ne dakarun wanzar da zaman lafiya?

Duk lokacin da 'yan bindiga suka afka wa wani ƙauye a Zurmi ko Maru ko Wasagu, sai ka ji wani a rediyo ko a Facebook yana tambaya: me ya hana Majalisar Ɗinkin Duniya turo mana dakarun wanzar da zaman lafiya? Mai tambayar ya ɗauka runduna ce da ke zuwa ta murƙushe azzalumi. Ba aikinsu ke nan ba. Sojoji ne da 'yan sanda da ma'aikata farar hula da ake kaiwa ƙasar da ta fito daga yaƙi, galibi na basasa, bayan masu faɗan sun sa hannu kan yarjejeniya, domin su tsaya a tsakani har a cika alkawuran da aka ɗauka.

Majalisar ba ta da soja nata ko ɗaya. Kwamitin Sulhu mai mambobi 15 shi ke kafa runduna ya shata mata iyakar aikinta, kuma idan ɗaya daga cikin Amurka, Birtaniya, Faransa, Rasha da Sin ta hau kujerar naƙi, magana ta mutu. Daga nan sai ƙasashe su ba da aron sojoji. Kowa da kakin ƙasarsa yake zuwa, shuɗiyar hula da fararen motoci ne kawai ke haɗa su. An soma a 1948 da 'yan sa ido marasa makami a Gabas ta Tsakiya, Nijeriya kuma ta fara ba da nata a Kwango tun 1960.

Sharaɗin farko shi ne manyan ɓangarorin rikicin su yarda da zuwansu, musamman gwamnatin ƙasar. Sannan ba su goyon bayan kowa, ba su kuma harbi sai don kare kansu ko aikin da aka ɗora musu, wanda a yau ya haɗa da kare farar hula. A nan zancen Zamfara ke cijewa. Gwamnatin Nijeriya ba ta gayyaci kowa ba, 'yan bindiga kuma daba-daba ne, kowace da ubangidanta. An gani a sulhun da gwamnatin Zamfara ta yi da su a 2019: ka daidaita da wannan, wancan ya ce ba da yawunsa ba. Wa zai sa hannu a madadin kowa?

Laberiya ce misalin da ya fi kusa da mu. A ƙasar Zuru, inda aikin soja ya zama kamar gado, ba a rasa dattijon da zai ba ka labarin ECOMOG, rundunar ƙasashen Afirka ta Yamma da aka tura Laberiya. Sai dai ECOMOG ta ƙungiyar ECOWAS ce, kuma lokacin da ta sauka Monrobiya a Agustan 1990 wuta na ci, shi ya sa ta ƙare da gwabza yaƙi da mayaƙan madugun 'yan tawaye Charles Taylor, wanda daga baya ya zama shugaban ƙasar. Wanzar da zaman lafiya na haƙiƙa ya zo ne a 2003. Janar Abdulsalami Abubakar ya jagoranci zaman sasanci a Akara, Taylor ya sauka daga mulki ya tafi gudun hijira Kalaba, aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya ranar 18 ga Agusta. Bayan haka ne Kwamitin Sulhu ya amince da rundunar UNMIL mai sojoji har 15,000.

Babban aikinta shi ne kwance ɗamarar mayaƙa, kuma a ganina nan ne gizo ke saƙar. Wanda ya shekara goma yana ci da bindiga ba zai miƙa ta ga abokin gabarsa ba, don ya san abin da zai biyo baya. Amma yana iya miƙa ta ga baƙon da ba ya da gona ko kujera a ƙasar. Sai a buɗe sansani, a karɓi makami, a rubuta suna, a ba mutum dala 300 kashi biyu, a tura shi makaranta ko koyon sana'a. Sama da mutum 100,000 suka bi ta wannan hanya, ko da yake bindigogin da aka karɓa ba su kai 30,000 ba. Inda ake rabon kuɗi, har wanda bai taɓa jin ƙarar harsashi ba yakan zama tsohon mayaƙi. Duk da haka an yi zaɓe a 2005, Ellen Johnson Sirleaf ta ci, rundunar kuma ba ta naɗe tabarmarta ba sai a Maris na 2018, bayan Sirleaf ta miƙa wa George Weah mulki lami lafiya.

Inda masu faɗa ba su gaji ba kuwa, shuɗiyar hula ba ta tsinana komai. A Saliyo, 'yan tawayen RUF sun sa hannu a Lome a 1999, amma a Mayun 2000 suka yi garkuwa da dakarun Majalisar kimanin 500, sai da sojojin Birtaniya suka shigo kafin al'amura su daidaita. A Ruwanda a 1994 ana tsaka da kisan kiyashi Kwamitin Sulhu ya rage rundunar Majalisar da ke ƙasar zuwa mutum 270. A Mali an tura rundunar Majalisar mai suna MINUSMA a 2013, ta tarar da masu iƙirarin jihadi da ba su cikin kowace yarjejeniya, aka kashe mata sojoji da dama. A Yunin 2023 gwamnatin soja ta Bamako ta ce su tattara nasu ya nasu, kuma da yake da yardar mai gida suke zaune, kafin ƙarshen Disamba sun fice.