Ba a hana kare da kyanwar Najeriya shiga Amurka da Turai ba

Kwana biyun nan wani saƙon murya na yawo a WhatsApp nan Sakkwato, wai Amurka da Turai sun haramta shiga da kare ko kyanwa daga Najeriya, wai wadda duk aka kai a filin jirgi ake kashe ta. Har na ji wata da za ta bi maigidanta Ingila tana neman wanda za ta bar wa mussarta.

Maganar tana da tushe, sai dai ta kwana. A Yulin 2021 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta dakatar da shigar karnuka daga ƙasashe sama da 100 da ke fama da ciwon haukan kare, har da mu. Wannan ya wuce. Tun 1 ga Agusta 2024 kare na shiga idan ya kai wata shida, yana da 'yar na'urar shaida a jikinsa, an yi masa allurar haukan kare, an kuma cike fom ɗin hukumar. Kyanwa tata da sauƙi, lafiyarta ake dubawa, ko da yake wasu jihohin can na neman shaidar allura.

Na'urar nan da ake cewa ta leƙen asiri ce, girmanta bai fi ƙwayar shinkafa ba. A ƙarƙashin fata ake sa ta, lamba 15 kawai ke cikinta, ba ta nuna inda dabba take balle mai ita.

Inda mutane ke faɗawa rami shi ne jerin matakan. Na'ura ake fara sawa, sannan allura. Wanda ya yi allura kafin na'ura, a wurin Ingila da Tarayyar Turai kamar bai yi ba, don babu abin da ke tabbatar da cewa wannan dabbar aka yi wa. Bayan allura da aƙalla kwana 30 a ɗebi jini, a aika ɗakin gwajin da su suka amince da shi. Ko sakamako ya yi kyau, sai an jira wata uku daga ranar da aka ɗebi jinin. Ka ga mai tafiya wata mai zuwa ya riga ya makara, ko da kuwa yau ya garzaya asibitin dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo.

To hukuncin wanda bai cika ƙa'ida ba fa? A Ingila ana iya killace dabbar har wata huɗu, ko a hana ta shiga, kuma kai za ka biya. A Amurka karen da ba shi da gwajin jini killacewar kwana 28 ke jiransa, wanda takardunsa ba su cika ba kuma a mayar da shi inda ya fito da kuɗin mai shi. Ban ga laifinsu ba kan tsoron ciwon da in alamunsa suka bayyana da wuya a tashi. Amma a gaskiya doka ce da mai hali kaɗai ke iya cikawa.

Ta wajenmu ma akwai ƙa'ida. Mai shigo da dabba Najeriya na buƙatar izini da takardar likitan dabbobi, kuma hukumar NAQS mai binciken lafiyar dabbobi da tsirrai ke dubawa a kan iyaka. Wannan ya haɗa da mafarautan da ke tsallakowa da karnuka daga Ƙonni ta Nijar zuwa Illela, ko da ba a saba tambayarsu ba.