Gyaran Tsohuwar Jif ta Soja a Gida

Gyaran tsohuwar jif ta soja shi ne mutum ya sayi mota mai jan tayoyi huɗu wadda sojoji suka gama amfani da ita, ya warware ta a gida, ya sabunta abin da ya ci, sannan ya sauya wasu sassanta don ta dace da hidimar farar hula. Irin waɗannan motoci kan fito ne ta hanyar gwanjon hukuma, ko a shigo da su daga Turai ta tashar Apapa da Tin Can a Legas, ko a tsince su a bayan garejin wani bakanike inda suka shekara suna shan ruwan sama. Ga Bahaushe mazaunin Agege ko Idi-Araba, dalilin sayen yakan zama gona ce a gida Arewa, ko ƙauyen da hanyarsa ke yankewa da damina.

Asali da ire-ire

Uwar dukkan waɗannan motoci ita ce Willys MB ta Amurka, wadda aka ƙera tsakanin 1941 da 1945 don Yaƙin Duniya na Biyu. Daga laƙabinta na Jeep ne kalmar jif ta shigo Hausa. Kamfanin Rover na Ingila ya ɗauki fasalinta ya fito da Land Rover a 1948, kuma ita ce ta fi kafa tarihi a Najeriya: soja, 'yan sanda, malaman gona da ma'aikatan asibiti duk sun hau ta, har aka riƙa haɗa ta a masana'antar Leyland da ke Ibadan. Samfurin Series IIA ya fito a 1961, Series III kuma daga 1971 zuwa 1985. Akwai gajera mai inci 88 tsakanin tayar gaba da ta baya, akwai doguwa mai inci 109. An ƙera wa sojan Ingila wata marar nauyi mai suna Lightweight, wadda jirgi mai saukar ungulu zai iya ɗauka. Sauran irin waɗannan motoci sun haɗa da Pinzgauer ta Ostiriya, ta 1971, da Mercedes G ta 1979, amma kayan gyaransu sun fi wuya da tsada, don haka yawancin bayanin nan ya shafi Land Rover ne.

Takardu da launi

Kafin a ɗaga sufana, a duba takarda. Motar gwanjo tana bukatar takardar da ke nuna hukumar ta sallame ta da rasiɗin biya, wadda aka shigo da ita kuma sai da takardun kwastan. Lambar shasi (ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da jikin mota) da ta inji dole su yi daidai da abin da ke rubuce. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama ranar 2 ga Afrilu, 1972, saboda haka motar sojan Ingila mai sitiyari a dama sai an juya mata shi zuwa hagu kafin a nemi lamba.

Launi ma magana ce ta doka. Tun 1977 akwai dokar da ta hana farar hula tuƙa mota mai koren fentin soja. A garin da ke da barikin Ikeja da na Dodan a gefen Obalende, wanda ya bar motarsa da wannan launi ya kira wa kansa tsayawa a kowane shinge. Ruwan ƙasa, fari ko shuɗi sun wadatar, kuma a cire duk wani tambarin runduna da fitilun ayari. Bayan haka ne za a je ga hukumar rajistar motoci ta jihar Legas, da gwajin lafiyar mota, da inshora.

Shasi da tsatsa

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne sabon shiga ke faɗawa rami. Jikin Land Rover na alminiyam ne, ba ya tsatsa, amma shasin da ke ɗauke da shi ƙarfe ne mai kwararo a ciki. Mota na iya yin kyan ɗan maciji a waje alhali ƙasanta ya rube. Legas kuwa ta haɗa duk abin da tsatsa ke so: damina mai tsawo daga wajen Afrilu zuwa Oktoba, raɓa, iskar teku mai gishiri, da ambaliyar da ke cusa laka cikin kwararon shasi ta kwana can tana riƙe danshi.

Gwajin ba ya bukatar na'ura. A shiga ƙarƙashin motar da ƙaramar guduma da tocila, a bi shasin taƙi-taƙi ana bugawa. Lafiyayyen ƙarfe yana amsawa da ƙara mai kaifi, guduma ta dawo hannu. Ruɓaɓɓe kuwa sai a ji dum, jan gari ya zubo wa mutum a fuska, wani lokaci kan gudumar ya shige gaba ɗaya. Wuraren da suka fi ci su ne ƙarfen gicciye na can baya, da hannuwan da suka fito gefe suna tallafe da jiki, da maƙalan sifirin, da bangon ƙarfen da ke tsakanin inji da direba, musamman wajen ƙafafu da ginshiƙan ƙofa. Idan aka ga baƙin fenti mai kauri sabo fil a ƙarƙashin motar da ake son sayarwa, a ƙara bincike, don sau da yawa ɓoyo ne.

Akwai wata cuta ta biyu. Inda alminiyam ya jingina da ƙarfe ruwa yana ratsawa, alminiyam ɗin ne ke narkewa, ya zama farin gari kamar alli, fenti ya yi bororo. An fi ganin haka a gindin ƙofofi. Maganinsa a raba su da roba ko fenti wajen mayarwa.

Gyara na gaskiya shi ne a sauke jikin duka, a kankare shasi, mai walda ya yanke ruɓaɓɓen wuri ya sa faranti mai kaurin na asali, a zuba mai ko kakin hana tsatsa a cikin kwararon. Liƙa faci a kan tsatsa gyaran gangar Auzinawa ne. Ana samun farantin ƙarfe a Owode Onirin da ke kusa da Mile 12.

Inji, giya da birki

Injin da aka fi samu mai fistin huɗu ne, lita 2.25, na fetur ko na gas, wato dizal. Ba shi da kwamfuta, ƙarfinsa wajen doki 70 ne, kuma duk bakaniken da ya san kafireto zai iya buɗe shi. Da tsohuwar zuma ake magani: ringi, gasket, fulogi da wanke lagireto sukan dawo da shi hayyacinsa. Matsalarsa shan mai, domin na fetur kan yi kilomita 6 ko kusa da haka a lita guda.

Kusa da sandar giya akwai wasu biyu, mai kan rawaya da mai kan ja. Danna rawayar yana haɗa tayoyin gaba, jawo jar kuma yana sa giyar taimako don laka da hawan tudu. Ba a tafiya a kwalta da tayoyi huɗu a haɗe, saboda babu abin da ke daidaita juyawar gaba da baya, sai ƙarfe ya murɗe ya karye. Birkin na ganga ne a duk tayoyin, kuma nan ba a tsumulmula: bututu, roba da takalmi duk a sa sababbi. Araha ba ta ado, balle a gangaren gadar Third Mainland.

Wuta

Motocin da aka tanada don rediyon soja suna aiki da bolt 24, wato batir biyu a jere, da wayoyin fulogi masu sulke don kada tartsatsi ya dami rediyo. Kwan fitila da kayan wutar da ke kasuwar Ladipo a Mushin galibi na bolt 12 ne, shi ya sa da yawa ke mayar da motar can. Hakan na nufin canza sitata, altaneto, koyil, kwayaye, injin goge gilashi da agogunan gaban direba. Tsohon wayarin da robarsa ta bushe gara a zare shi duka. Haɗe-haɗen waya shi ke cinna wa tsohuwar mota wuta.

Sauye-sauye

Tun da aka janye tallafin fetur a Mayun 2023, batun canza inji ya ƙara ƙarfi. Masu hali kan sa injin gas na 200Tdi ko 300Tdi na gidan Land Rover, wasu kuma na Toyota ko Nissan daga kayan tokumbo. Sai dai inji mai ƙarfi yana gajiyar da tsohon giyabos, kuma dole a gyara lambar inji a takarda. Sauyin da ya fi amfani ba shi da armashi a ido: birkin faifai a gaba, bel na kujera, rufin da ke tare zafi, da fanka ta biyu saboda cunkoson Oshodi da Ikorodu Road. Ɗaga mota sama sosai da manyan tayoyi kuskure ne, domin tana da tsayi tun asali kuma hakan na sauƙaƙa kifewa a kwana.

Wurin aiki

Motar da aka warware tana cin filin mota uku, abin da ke da wuya a gidan haya na Legas. Barin ta a bakin titi kuwa hukuma na iya kwashe ta. Wanda ba shi da fili yakan yi jinga da wani oga a gareji, ya riƙa zuwa Asabar da Lahadi. Ana bukatar rumfa, jannareto mai ɗaukar walda, da turakun ƙarfe masu ƙarfi, domin ba a kwanciya ƙarƙashin mota a kan jak ko bulo. Notocin tsofaffin samfura na awon inci ne, sufanar milimita tana cinye musu kai. Kowane noti da aka kwance a sa shi a leda, a rubuta inda ya fito, a ɗauki hotonsa da waya, domin aikin yakan kai shekara ko fiye.